Amsoshin da Jama'a Suka Zaɓar Mini

Kafin ku fara zagina, ku bari in kai aya. Na san za ku zaga, kuma ba zan ce kun zalunce ni ba, don tun ranar Laraba nake zagin kaina da kaina, har na gaji na koma yi wa kaina nasiha.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a ɗakin ajiye fayil na wani asibiti. Ɗakin yana can ƙasa, sai an sauka matakala goma sha tara, ba taga, sai fitila mai dishi-dishi da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an yi mata dole. Aikina in zare fil daga tsofaffin takardu, in sa su a na'ura ta ɗauki hotonsu shafi-shafi, in mayar da su kwali. Daga takwas zuwa huɗu. Akwai ranar da in ban da "ina kwana" da na ce wa mai gadi, bakina ba ya buɗuwa sai na dawo gida, har in ji muryata ta shaƙe kamar ta mai mura.

Gidan ma daga ni sai Umma. Abba ya rasu shekara huɗu ke nan, Allah ya jiƙansa. Yaya ta yi aure, tsakaninmu tafiyar yini guda. Ƙawayena biyu da muka taso tare su ma sun yi, zauren hirarmu na waya ya koma wurin hoton jarirai da tambayar maganin haƙori, ni dai nawa tura alamar zuciya. Ba wanda ya yi mini laifi. Kowa ya kama gabansa ne kawai, aka waiwayo aka ga ni ina nan inda aka bar ni. Kaɗaici ne, ba sai na yi masa kwalliya ba, kuma yana da ciwo.

Abin da ya riƙe ni shi ne wasan labari. Ba irin na harbe-harbe ko tseren mota ba. Labarai ne na soyayya da barkwanci da ake yi a Japan, a fassara su zuwa Turanci. Hoton mutum zai fito a allo, idanu dara-dara, gashi shuɗi ko ja kamar ya faɗa tukunyar rini, maganarsa na fitowa a rubuce a ƙasa, kiɗa na tashi a hankali. Kina karantawa kina dannawa. Can sai labarin ya tsaya cak, ya jero miki amsa biyu ko uku, wadda kika zaɓa ita za ta ja ki zuwa kyakkyawan ƙarshe ko mummuna. Daɗin abin, kafin ki zaɓa kina iya yin ajiya, wato ki adana wasan a daidai wurin. In kin kwafsa, ki dawo ki sake, saurayin ko a jikinsa, bai ma san an yi ba.

Na buɗe shafi ina sharhin wasannin. Kowanne ina ba shi maki bisa goma a abu huɗu: dariya, zuciya, zane, da kiɗa. Kuma ba ni da sassauci. Na taɓa ba wani wasa biyu bisa goma saboda jarumar ta faɗo daga kan tsani sau huɗu, duk sau huɗun saurayin na tsaye a ƙasa da hannu a buɗe kamar aikin da aka ɗauke shi ke nan. Mabiyana suka sa mini Alƙaliya. Ba wanda ya san fuskata ko sunana. Wani lokaci in na zo wurin zaɓi mai wuya, sai in jera musu amsoshin su kaɗa ƙuri'a, in bi wadda ta yi rinjaye.

To, wata biyu da suka wuce Umma ta je canza tabarau, ta dawo da labari.

"Auta, yaron shagon nan akwai hankali. Sau uku ina canza firam bai ɓata rai ba."

"Umma, ai aikinsa ke nan."

"Ke kuma naki aikin ki shige ɗaki ki auri 'yan katun ko? Jiya ina jin ki kina dariya ke kaɗai, na ce shi ke nan, abin ya zo."

Ranar Asabar ta ce gwiwarta na ciwo, in je in karɓo mata tabaran. Gwiwar da na gan ta da safe tana hawa kujera da ita tana goge saman firji. Na sa doguwar rigata ruwan toka, na yafa baƙin mayafi, ko hoda ban shafa ba don kada ta ce ta ci nasara.

Mai Tabarau dogo ne siriri, sanye da farar rigar aiki mai aljihu cike da 'yan ƙananan sukudireba, babban yatsansa naɗe da filasta. Ya miƙo mini kwalin yana murmushi.

"Ke ce 'yar Umma? Ta ce in kin zo in duba idonki, wai kallon waya ya sa ya fara gudu."

"Idona lafiya lau," na ce, na karɓe kwalin na fita. Ko godiya ban yi ba. A hanya na tsara amsoshi huɗu masu kyau waɗanda da su ya kamata in ba shi, amma ina, bakin alƙalami ya bushe.

Bayan la'asar saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba.

"Assalamu alaikum. Mai tabarau ne, Umma ce ta ba ni lambarki. Ina fatan firam ɗin bai matse mata kunne ba. Ke kuma ina fatan ban ba ki haushi ba."

Jama'a, ni da na kai samarin allo sama da sittin zuwa kyakkyawan ƙarshe, sai ga ni zaune bakin gado awa biyu da waya a hannu. Ba amsoshi a jere, ba wurin ajiya. In na tura shirme, shirmen ya tafi ke nan. Daga ƙarshe na ɗauko littafin da nake rubuta sharhi na jera wa kaina uku. Ta ɗaya: "Wa alaikumus salam, bai matse ba, mun gode." Ta biyu: "Kunnen Umma lafiya, nawa ne ke ciwo, tun ɗazu take yabonka." Ta uku: in yi shiru sai gobe. Na zuba musu ido, nan ma na kasa.

Sai shaiɗan ya raɗa mini wata dabara. Na hau shafina na rubuta cewa an ba ni wani sabon wasa in gwada, bai fito ba tukuna, kamfanin ya hana nuna hoto, amma zan riƙa fassara musu maganganun. Na mayar da Mai Tabarau mai gyaran agogo, na mayar da Umma kakar jarumar. Na jera amsoshin nan uku na ce su zaɓa. Cikin rabin awa ta biyu ta yi rinjaye. Na rufe ido na tura masa.

Ya aiko da fuskar dariya har uku. "Ashe kina magana. Na zaci sai an sa miki batir."

Na yi dariya har Umma ta leƙo. Na ce a raina sau ɗaya ne, daga yau ba ƙari. Kun dai san yadda irin wannan alkawarin ke ƙarewa.

Sati shida muka yi a haka. Kullum ƙarfe ɗaya, lokacin hutun cin abinci, saƙonsa zai shigo. Ni kuma sai in hau matakalar nan goma sha tara, don waya ba ta kamawa a ƙasa, in zauna a kan ta ƙarshe da robar abincina a cinya. Yakan turo hoton kofin shayinsa a gefen injin yanka gilas, da labarin masu zuwa shago. Akwai dattijon da aka sa wa sabon tabarau, ya juya ya kalli matarsa ya ce, "Hajiya, ashe haka kika tsufa?" Matar ta ce a mayar masa da tsohon. Na kusa ƙwarewa da ruwa ranar. Amma ko dariyar ban tura ba sai da na jera uku aka zaɓa.

Ina ba ƙuri'ar awa ɗaya, wani lokaci biyu. Shi a zatonsa aiki ne ya riƙe ni. Har ya taɓa rubuto mini, "Ina son yadda kike tunani kafin ki yi magana. Mutane da yawa ba sa yi." Na karanta, na kuma ɗora shi a shafi.

Mai Agogo kuwa ya zama gwarzo. Mabiyana daga dubu huɗu suka haura dubu sha ɗaya. 'Yan mata na rubuta, "Alƙaliya don Allah yaushe wasan nan zai fito?" Wata ta zana hotonsa yadda take hasashe, da gashi fari da agogo a wuya. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. A da in na dawo aiki, daga gaisuwar Umma sai ƙarar firji. Yanzu ga mutum guda yana tambayar ko na ci abinci, ga dubbai suna jiran in yi magana. Wanda ya daɗe da ƙishi ba ya tsayawa duba kofi.

Yaya kaɗai na gaya wa, a waya, ina dariya don in rage wa abin nauyi. Ita ba ta yi dariyar ba.

"Auta, kina da hankali kuwa? Bawan Allah na miki magana tsakaninsa da Allah, ke kina kai shi kasuwa?"

"Yaya ba wanda ya san shi ne. Na canza komai."

"Kin canza maganarsa?"

Ban canza ba, ita ma ta sani.

"To ki daina. Rana dubu ta ɓarawo. Bari in je, yarinyar nan ta ɓarar mini da madara."

Ta kashe. Haka hirarmu take yanzu, minti uku ne in an yi sa'a.

A sati na biyar, ranar Lahadi da rana, ina ninke kayan wanki a falo, ya turo wani dogon saƙo. Ba zan gaya muku abin da ke ciki ba. Sau ɗaya na tallata shi, ya isa. Abu ne dai da ya shafi karatun da ya fara bai ƙarasa ba, da maganar ƙarshe da ta shiga tsakaninsa da mahaifinsa. A ƙasa ya rubuta, "Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba in ban da 'yan gidanmu." Na zauna a kan tulin kayan na yi kuka sosai, don ni ma ina da maganar da ban samu na yi da Abba ba.

Sannan na share hawaye na ɗora shi a shafi. Wallahi ban tsaya na yi tunani ba, hannuna ne ya saba. Sunan makarantar kawai na cire. Kuma da yake Alƙaliya ba ta ɗora abu ba sharhi, sai na ƙara a ƙasa: "Zuciya, tara bisa goma. Marubucin ya iya sa tausayi, sai dai wurin ya ɗan cika tsawo." Tsokaci ya fi ɗari shida. Wasu na kuka, wasu na cewa Mai Agogo rago ne, namiji ba ya gudun jarrabawa. Amsar da ta yi rinjaye mai taushi ce da ɗan barkwanci a ƙarshe. Na tura. Ya ce, "Ke kaɗai kike gane ni." Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Litinin ɗin nan da ta wuce ya yi tambayar. "Ina so in kawo mahaifiyata da kawuna su gaida Umma ranar Asabar, in kin amince. Ba na son in yi gaban kaina." Na yi wautar nuna wa Umma. Ko jiran amsata ba ta yi ba, ta sa aka sauke labulen falo, ta kira Kawu, ta fito da kofunan gilas ɗin da tun rasuwar Abba ba a taɓa su ba.

"Kin amsa masa?"

"Zan amsa, Umma."

"Auta, ni ba korar ki nake ba. In kin tafi, gidan nan ni da bango ne. Amma ba zan so in mutu in bar ki da hotuna ba, hoto ba ya kai mutum asibiti."

Na ɗora tambayar a shafi, na ce wasa ya zo zaɓin ƙarshe. Mutum dubu uku da ɗoriya suka kaɗa, kashi tamanin da biyu suka ce eh. Amma a karon farko na kasa turawa. Ina so in ji me ni nake so, sai na tarar ban san ta inda ake tambayar kai ba. Na ce bari in bari sai gobe.

Talata ƙarfe ɗaya na hau matakala na zauna. Ba saƙo. Na ci abincina ina kallon ƙafafun masu wucewa har hutun ya ƙare. Laraba ma haka. Ruwa ba ya tsami banza. Ana tashi aiki na hau mota, maimakon gida na nufi shagon.

Ba kowa a gaba sai mai karɓar kuɗi, ta nuna mini ƙofar baya da baki. Ɗan ɗaki ne tsukukke, injin yanka gilas na ƙara, ruwa na ɗiga daga jikinsa cikin bokiti, firam-firam jere a tire kowanne da takardar mai shi. Yana tsaye ya ba ni baya. Da ya juyo ya gan ni bai yi mamaki ba. Ya kashe injin, ya goge hannu, ya jawo mini kujerar roba.

"Sannu da zuwa, Malama. Ya Umma?"

Malama. Sati huɗu rabon da ya kira ni haka, 'yar Umma yake cewa.

"Tana lafiya. Na ji shiru ne."

"Eh." Ya ciro wayarsa daga aljihu, ya ɗan daddanna, ya ajiye ta a kan tebur tana kallona. Shafina ne. "Ƙanwata na bin ki. Litinin da yamma muna cin abinci ta ce, Yaya bari in karanta maka wani wasa, mutumin ciki sak kai. Ta fara karantawa. A gaban mahaifiyata."

Na kafe wayar da ido, shi kuma ya ci gaba.

"Ta kai wurin maganar Baba sannan ta gane. Ita ma kuka ta yi, ba laifinta ba ne."

"Don Allah ka tsaya in yi maka bayani. Ba wanda ya san kai ne. Na canza..."

"Ni na sani ai." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Jiya na zauna na karanta duka ɗari shida da goma sha ɗaya. Wata ta ce ni rago ne, mutum arba'in suka danna mata alamar yabo. Wannan bai dame ni sosai ba, ban san su ba. Naki ne ya tsaya mini." Ya ja allon da yatsansa mai filasta. "Wurin ya ɗan cika tsawo. Kwana uku na yi ina rubuta shi, Malama. Da na san za a duba, da na rage."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hawaye suka fara zuba a kan mayafina, na kasa ko goge su.

"Ban iya ba ne," na ce. "Wallahi ba raini ba ne. In ka yi magana sai kaina ya kulle, ina tsoron in faɗi abin da zai kore ka. Shekara nawa ba wanda ya tambaye ni ko na ci abinci sai Umma."

"To ni kin zaci na iya? Saƙon farkon nan sau bakwai na goge shi." Ya jingina da tebur. "Neman shawara ba laifi ba ne, ni ma na tambayi kawuna. Tambaya ɗaya nake da ita. A cikin sati shidan nan, wanne ne naki? Ki nuna mini guda ɗaya da kika turo ba a zaɓar miki ba."

Na ciro wayata. Na yi ta ja sama, ina ja, ina ja. Shi yana tsaye, ruwan injin na ɗiga. Na samu guda biyu. Ɗaya "To." Ɗaya "Na iso gida." Ban nuna masa ba, amma ya gani a fuskata.

"Ai duka ukun ni nake rubutawa," na ce, muryata can ƙasa. "Ba wanda ya rubuta mini. Zaɓa kawai suke yi."

"Ni ma ina jera wa mutum firam goma a tire. Amma wanda ya ɗauka da hannunsa ya sa a fuskarsa, shi ne nasa." Ya ɗauki wayarsa ya mayar aljihu. "Na ga an ce eh, kashi tamanin da biyu. Ki yi musu godiya. Amma tambayar na janye ta, don ba su na yi wa ba. Mahaifiyata ma ta ce a dakata."

"Shi ke nan?"

"Ban sani ba. Ina son wata, ban san ko wace ce ba." Ya buɗe mini ƙofa. "Ki gaida Umma. In firam ɗin ya saki, ta aiko a ɗaure mata."

Ban san yadda na kai gida ba. Na wuce tashar unguwarmu da tasha biyu, na dawo da ƙafa. Na tarar da Umma a falo ta shimfiɗa bargo a ƙasa tana guge labule, rediyo na yi, fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Yawwa Auta, zo ki kama mini bakin nan. Kawunki ya ce ƙarfe huɗu zai iso. Wai shuɗiyar rigar za ki sa ko mai ruwan zuma? Me ya sami idonki?"

"Ƙura ce ta fayil, Umma."

"Ai ga mai duba ido nan kin samu kyauta."

Na kama bakin labulen muka ninke. Sau biyu na yi niyyar gaya mata, na kalli yadda take murmushi ita kaɗai, na fasa.

Da na shiga ɗaki, abu na farko na goge duk abin da ya shafi Mai Agogo daga shafin, saƙo arba'in da bakwai. Akwatin saƙona ya cika maƙil. "Alƙaliya ina ƙarshen?" "An samu kyakkyawan ƙarshe?" "Maki nawa kika ba shi duka-duka?" Layi ɗaya na rubuta musu, cewa babu wani wasa, mutum ne, kuma na cuce shi. Na rufe wurin tsokaci. Shi ya sa nan ma na rufe, don haka kada ku wahalar da kanku neman inda za ku ba ni shawara. Na sha shawara har ta yi mini illa.

Bayan magariba na zauna a kan sallaya da waya. Littafin sharhina na kan gado, hannuna har ya kai kansa, na tura shi ƙarƙashin filo. Na fara rubutu kai tsaye. Ba kyau, ba barkwanci, har da kuskuren harafi biyu da na gani na bari. Na ce masa na yi laifi, ba ni da hujja. Na ce ranar da ya turo maganar mahaifinsa na yi kuka a kan kayan wanki, kuma abin da ya kamata in gaya masa ke nan. Na gaya masa maganar Abba, wadda ko Yaya ba ta sani ba. Na ce kullum tun sha biyu da rabi nake fara kallon agogo, kuma jiya da yau matakalar nan ta yi mini tsawo. Na ce ban san ko na cancanta ba, amma in tambayar ta dawo, amsata eh ce, ko da duk duniya ta ce a'a.

Na tura kafin zuciyata ta hana ni. Alama ɗaya, alama biyu, suka koma shuɗi. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Umma na kirana daga kicin in zo in ɗauki abinci, na ce ina zuwa. Sai ga shi ya shigo, layi ɗaya.

"Wa ya zaɓi wannan?"

Yau Juma'a. Gobe Asabar, kuma har yanzu ban gaya wa Umma ba. Kwana biyu ke nan ina kallon tambayar nan a wurin aiki, a mota, a kan sallaya. Amsar kalma ɗaya ce, gaskiya ce kuma, karo na farko. Na rubuta "Ni" ya fi sau ashirin ina gogewa, don na rasa abin da zai sa ya yarda.